Tokar Bakin Rumbu

Sufeto Badruddeen bai gama zare takalminsa a ƙarƙashin tebur ba aka shigo masa da ƙara. Damina ta yi nisa, rufin ofishin yana ɗiga cikin bokitin da aka ajiye masa tun bara. Zamansa a Kafanchan ya koya masa cewa duk ƙarar da ta zo da ayari a bayanta an riga an yanke hukuncinta a hanya, an dai zo ne ya sa hannu.

Ayarin yau samari ne. A tsakiyarsu akwai wani dogon dattijo, rigarsa a yage, leɓensa a kumbure.

"Wa ya fasa masa baki?" in ji Sufeto.

Babu wanda ya sani. Haka bakuna ke fashewa a garin nan, da kansu.

Wani ƙaƙƙarfan mutum ya matso gaban tebur. "Oga, sunana Levi. Wannan Kambai ne, shi ne yana kawo baƙi a gidan mamana, a ƙetaren kogi. Kowane sati su zo da bas, su hau kwalekwale, su ɗauki hoto. Jiya sun zo. Yau da safe kan ba ya nan."

"Kan wa?"

"Kan yumɓu, Oga, na mutanen dā. Babana ne ya tono shi a gona."

Kofur Irene, wadda ke tsaye a bakin ƙofa, ta ce, "Yallaɓai, na san shi. Mutanen gidan tarihi sun yi masa rajista, suka bar shi a hannun tsohuwar, Mama Afiniki."

Sufeto ya sauke numfashi. Da akuya ce da ya tura su wurin mai unguwa, amma abin da ya shiga rajista ba ya komawa gindin bishiya.

"Tun tuni nake gaya wa Mama," Levi ya ci gaba. "Yanzu magana ya ƙare. Satin nan zan rushe wannan tsohon gida. Bulo na nan a jibge, ruwa yana ta cinye shi."

Kambai, wanda bai ko taɓa leɓensa ba tun shigowarsa, sai a nan ya ɗago kai kamar an mare shi.

Sufeto ya kori ayarin, ya sa aka ba dattijon kujera da ruwa. Kambai tsohon malamin koyar da gini ne. Da ya yi ritaya sai ya samu ƙaramar bas, yana zagayawa da ɗalibai da masu zanen gidaje yana nuna musu tsofaffin gine-ginen garin.

"Malam Kambai, gaya mini yadda jiya ta kasance. A taƙaice."

Taƙaicewa ba ta cikin halin Kambai. Ya fara daga tashar jirgin ƙasa, ya bi ta gidajen ma'aikata masu baranda, ya tsaya a tsohuwar majami'ar dutse, har ya ɗaga hannu zai nuna yadda aka ɗora azara. Sufeto ya bar shi ya gaji don kansa, domin shi ma ba shi da ƙarfin katse shi.

"Kan nake tambaya."

"A cikin rumbu yake zama, Sufeto, binne cikin acca. Irin gidajen nan rumbunsu a ɗakin ciki yake. Mama ce kaɗai ke fito da shi, ta nuna wa baƙi a bakin ƙofa, ta mayar. Baƙo ba ya shiga ciki. Daga nan muka zauna cin abinci a gindin mangwaro, ni da ita da su duka."

"Duka?"

"Ban da wani Alexander, ya ce zai zagaya bayan gida."

"Direbanka fa? Da mai kwalekwale?"

"Derrick ba ya barin mota, a wannan gaɓar yake zama. Ƙasimu kuma yana jiranmu a bakin ruwa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ni ku tsare ni, ba komai. Amma in an rushe gidan nan, ban san sauran irinsa a duk ƙasar nan ba. Masu gina shi duk sun mutu."

Sufeto ya sa aka ajiye shi a bayan kanta, don samarin suna nan a waje ba su tafi ba.

Sufeto da Irene sun sami Alexander a masaukinsa yana haɗa jaka. Mai zanen gidaje ne daga Abuja, ya ja hular hana sallah har bisa gira, a cikin ɗaki, ga zafi.

"Ka shiga ɗakin ciki jiya?"

"Ni? Ko kusa. An ce mana haramun ne."

"Cire hular."

Ya cire. A tsakiyar goshinsa akwai ƙulu kamar ƙwan zabo, da ɗan baƙin hayaƙi a gefen gashi wanda sabulu bai gama da shi ba.

"Bayan gidan ƙauyen ne ya yi maka wannan?"

Alexander ya zauna a bakin gado. Ya ce ya shiga, ƙofar ta fi yadda ya zata gajarta. Ba sata ya je yi ba, so yake ya ga yadda aka haɗa rumbun da rufi.

"Ka buɗe?"

"Na gwada, ba zan ɓoye ba. Murfin ya ƙi ɗagawa. Akwai wata toka da aka zagaye bakinsa da ita, duk na share ta da hannu garin kokawa da shi. Da na ji motsi a bayan ɗakin sai na fice."

Irene ta zazzage jakarsa, babu komai sai tufafi da abin awo. Sufeto ya ce kada ya bar gari, ya fito yana ɗingisa ƙafarsa mai ciwo.

"Yallaɓai, ofis za mu koma?"

"A'a. Yau mu ma baƙi ne, yawon buɗe ido za mu je."

Bas ɗin tana ajiye a gaban shagon Kambai, kaji sun taru a gefen ƙofar direba suna ta tsince-tsince. Derrick ya kore su da tsumma. Saurayi ne mai faɗin kafaɗa, idanunsa jajaye kamar wanda bai yi barci ba.

Sufeto ya zauna a gaba. Suka bi hanyar da baƙi ke bi. Ga tashar jirgi da dogon rufinta, ciyawa ta cinye layin dogo. Ga gidajen Turawa na dā, an ɗaga su bisa dutse, masu bututun hayaƙi a ƙasar da ba ta san dusar ƙanƙara ba, yanzu an shanya zani a barandarsu. Shekara da shekaru Sufeto yana wucewa ta nan, bai taɓa ɗaga kai ya dube su ba. Yau ma bai ga abin da ya kai mutum ya baro Abuja ba.

"Jiya ina ka zauna?"

"A mota, Oga. Ni ba na ƙetarewa."

"Ba ka son ganin gidan?"

"Na gan shi ya ishe ni. A ciki aka haife ni. Mama Afiniki kakata ce, ita ta raine ni."

"Levi fa?"

"Wan babana ne. Babana ya rasu."

"Kai ma kana ganin maigidanka ne ya sata?"

Derrick ya sauya giya inda babu dalilin sauyawa. "Ban sani ba, Oga."

Da suka sauka a bakin kogi Sufeto ya kakkaɓe wandonsa. Wasu ƙananan ƙwayoyi suka manne masa a tafi. Ya ɗauka yashi ne, har sai da ya murza ɗaya ta fashe fara. Ya sa hannun a aljihu.

"Kulle motar, ka zo mu je ka gaida Kaka."

Ƙasimu mai kwalekwale ya zaunar da su ɗaya nan ɗaya can, ya tura da gora. Ruwan ja ne, ya cika har gindin itatuwa. Suka gangara ta ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa, ginshiƙanta na sassaƙaƙƙen dutse suna tsaye ruwa na dukansu.

"A nan Malam Kambai ke sa in tsaya," in ji Ƙasimu. "Sai ya ce kowa ya shafa dutsen, ya ji ko wuƙa za ta shiga tsakani."

"Mu wuce. Jiya sau nawa ka ƙetare?"

"Zuwa da dawowa, ranka ya daɗe."

Sufeto ya sunkuya da ƙyar, ya sa yatsa cikin tsagar katakon da ke ƙarƙashin ƙafarsa. Ya ɗago da irin ƙwayoyin nan, sun kumbura da ruwa.

"Baƙin Abuja acca suke ci ɗanya a jirginka?"

Ƙasimu ya dubi ruwa, ya dubi sama, bai dubi Derrick ba. Rashin duban ya fi duban magana.

"Ranka ya daɗe, Malam Kambai ya hana ni barin gaɓar in baƙi na can. Amma na ji ana kira daga wancan gefen, wai an manta ruwan sha a mota. Na je na ɗauko wanda ya kawo ruwan. Jim kaɗan na mayar da shi, da ɗan ƙunshi a buhu. Ya ce tsarabar gida ce."

Sufeto bai tambayi ko wane ne ba. Derrick yana zaune a gaban jirgin ya ba su baya, wuyansa ya sandare. Irene ta gyara zama ta matsa kusa da shi.

Gidan yana kan ɗan tudu, shi kaɗai, kewaye da gidajen kwano. Siffar ƙwai gare shi, jinkarsa ta fara ƙasa-ƙasa daga gaba ta yi ta hawa zuwa baya. A gefensa ga bulon Levi a jibge, har gansakuka ta kama shi. Sufeto ya tsaya yana haki, kuma duk da gajiyarsa ya yarda gidan yana da kyau.

Mama Afiniki tana zaune a ƙofa. Ƙaramar tsohuwa ce, ta ɗaura zanen zumuntar matan coci wanda ya koɗe.

"Sannu, Mama."

"Sannu, yarona. Kun kama Kambai? Ba shi ba ne. Na gaya wa Levi, ba ya ji." Sai ta hango jikanta, fuskarta ta saki. "Derrick, ka ci abinci?"

"Na ci, Kaka."

Ƙofar ɗakin ciki ba ta kai ƙugun mutum ba. Tsohuwar ta shige, Derrick ya bi ta kamar ruwa, ko rigarsa ba ta taɓa bango ba. Sufeto ya rarrafa, gwiwoyinsa suna ƙara, kuma duk da ya ga goshin Alexander sai da saman ƙofar ya ɗanɗana nasa.

Ciki da duhu da ƙanshin tsohon hayaƙi. Rumbun yana tsakiya, ya tashi har ya tokare rufi. A jikin bangon baya akwai gadon ƙasa, a bisa gadon kuma wata tsaga ta taso daga rufi har ƙasa, an tokare bangon da gungumen itace mai baki biyu. An cike tsagar da sabon yaɓe, sawun yatsu a kwance a jere, amma ta sake buɗewa a gefe.

"Wa ya yi wannan yaɓen, Mama?"

"Derrick. Kowane shekara shi ne yana yi. Shi kaɗai ya koya a wurin kakansa."

"A nan kike kwana?"

"A nan mijina ya mutu, a nan zan mutu, in Ubangiji ya yarda. Muddin baƙi suna zuwa, Levi ba zai taɓa gidan nan ba. Haka muka yi da shi a gaban fasto."

Sufeto ya juya ga rumbun. Murfinsa na yumɓu ne, a gefe daidai ƙirji, an zagaye bakinsa da toka.

"Yaya kika same shi da safe?"

"A rufe, kamar yadda na bar shi. Na juya murfi, na sa hannu zan ɗebi acca, babu kai."

"Juya shi ake yi?"

"Sai ka juya shi hagu ya haɗu da tsaga, kafin ya fita. In ka mayar, sai ka zuba toka a baki, don kada ƙwari su shiga su lalata hatsi."

"Tokar fa, da safe? A share take?"

"A'a. Tana nan lafiya, zagaye ɗaya, babu inda ya yanke."

Sufeto ya jingina da rumbun, don bayansa ya fara ƙorafi. Amsa ta zo, kuma bai so zuwanta ba.

"Mama, wani baƙo ya shigo nan jiya a ɓoye, ya kasa buɗe murfin, ya share tokarki da hannu. Bayan shi wani ya zo ya buɗe, ya ɗauki kan. Mutane na cin abinci a waje, kowane lokaci za a iya shigowa. Duk da haka ya tsaya ya mayar da murfi, ya ɗebo toka, ya zagaye baki da ita. Na daɗe ina kama ɓarayi, ban taɓa ganin wanda ya damu ƙwari za su ci hatsin mai gida ba. Kambai ya iya zuba tokar nan?"

"Kambai surutu ya iya."

"Levi?"

"Levi tun yana yaro ba ya taɓa toka, wai yana ɓata masa hannu. Ni ce kawai, sai kuma wanda nake bugun hannunsa in ya manta, tun bai kai tsawon..."

Ba ta ƙarasa ba. Ta juya a hankali ta dubi jikanta.

Derrick ya zame ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska.

"Ban ma san na zuba ba," ya ce. "Sai da na shiga jirgi na ga toka a hannuna."

"Ina kan?"

"A ƙarƙashin kujerar da ka zauna, Oga, cikin buhu. Na so in jefa shi a kogi a wajen gada. Na kasa."

"Wa ya yi maka alkawarin saye?"

"Babu kowa. Ni ba sayarwa zan yi ba." Ya nuna bangon da hannu. "Duba nan, Oga. Bana sau nawa ina cikewa yana buɗewa. Gindin ya riga ya jiƙe. Baƙi su zo su ce gida mai kyau, su ɗauki hoto, su koma su kwana a ɗakin siminti. Ita ce za ta kwana a nan. Duk ruwan da aka yi ba na barci. Na roƙe ta, na roƙi Malam Kambai ya daina kawo mutane ko na damina ɗaya, ya ce gidan ya fi mu duka shekaru. Na ce in kan ya ɓata baƙi za su daina zuwa, Baba Levi ya rushe, ta koma ɗaki mai kyau."

"Da aka kama Kambai da safe kana ina?"

Derrick ya sunkuyar da kai.

"Kana ina, Derrick?"

"Ina tsaye a wurin."

"Ka ga an fasa masa baki?"

"Na gani."

Sufeto ya gyaɗa kai. Har zuwa nan yana neman wata ƙofa da zai fitar da yaron, ko da gajeriya ce irin ta ɗakin nan, amma wannan amsar ta toshe ta. Ya yi wa Irene alama, ta ciro ankwa.

Mama Afiniki ta kama hannun rigar Sufeto. "Yarona, kayana ne. Na yafe. A gaban Yesu na yafe."

"Mama, da naki ne ke kaɗai da na bar shi. Yana cikin rajistar gwamnati, kuma ga dattijo can a bayan kanta da jini a riga. Zan rubuta abin da ya faɗa, duka, har da bangon nan. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"To wa zai yi mini yaɓe?"

Tausayinta ya kama Sufeto har ya rasa inda zai ajiye idonsa, sai ya durƙusa ya rarrafa ya fita.

A waje hadari ya haɗo daga wajen duwatsun Kagoro. Levi ya iso, wani ya riga ya kai masa labari. Ya tsaya kusa da bulonsa baki buɗe, ya dubi ɗan ƙanensa da ankwa. Sufeto ya ce masa gobe ya zo ofis da samarin da suka taɓa Kambai, kuma ya zo da su da ƙafarsa kafin a zo ɗaukarsu.

"Gidan fa, Oga?"

"Za a dawo da kan, za a saki Kambai. Baƙi za su ci gaba da zuwa. Alkawarinku na gaban fasto yana nan, ni ba ni da hurumi a ciki."

Suka gangara bakin ruwa. Ƙasimu ya zaunar da su ba tare da ya ɗaga ido ba, ya tura jirgin. Ɗigon farko ya fara sauka a kan kogin.

Tsohuwar ta biyo su har kan tudu, ta tsaya a gaban gidanta da ya tsira. Derrick ya yunƙura zai miƙe, jirgin ya karkata, Irene ta danne shi. Ya ɗaga hannuwansa biyu a haɗe.

"Kaka, kada ki kwana a jikin bangon nan yau. Ki je ɗakin Baba Levi. Kaka, kin ji?"

Ta ji. Ta tsaya tana dubansa har ruwan ya fara jiƙa mata zane, sannan ta juya, ta sunkuya, ta shige ta gajeriyar ƙofar.